Sa Hannu a Zaman Makoki

Ina da wani ɗan hali da na kasa rabuwa da shi: ba na iya kallon idon mutum in ce masa abin da ya zo nema ba zai samu ba. Sai dai in gyara tabarau, in juya takardarsa gaba da baya, in ce, "A dawo ranar Litinin." Shekara bakwai ina sakatare a ofishin mazaɓa na wani ɗan majalisar tarayya a nan Dutse, kuma in za a tara Litinin ɗin da na raba wa bayin Allah, sun isa a haɗa wata shekarar daban da su. Sunana Falalu. Sunan maigidan nawa kuwa mu bar shi a Honarabul, don har gobe a inuwarsa nake.

Ofishin ɗaki biyu ne da baranda, sai benci ɗaya mai gurguwar ƙafa. A kan wannan bencin Fa'izu ya fara ganin Umaima.

Fa'izu ɗan wani manomi ne a Buji. Ya karanci ilimin ƙasar noma a jami'ar garin nan, ya fito da sakamakon da ya sa wata makaranta a Turai ta ba shi gurbin ƙaro karatu kyauta. Ya miƙa fasfo ɗinsa a ofishin jakadancin ƙasar a Abuja, aka ce masa ya saurari biza cikin sati uku. Wata biyar ke nan shiru. Abin da yake nema a wajenmu bai taka kara ya karya ba: wasiƙa ce mai sa hannun Honarabul, ta roƙi a duba takardunsa da gaggawa.

Ran nan yana zaune shi kaɗai sai ga wata budurwa cikin hijabi ruwan toka, rungume da fayil a ƙirji. Ya miƙe da sauri ya ba ta wuri, bencin ya ɗaga ƙafa kamar zai bi shi.

Ta ce, "Malam, a nan ake bin layi?"

"Ni ne layin gaba ɗaya. Ki zauna ta tsakiya, gefen nan yana kayar da baƙi."

"Ka daɗe a nan ke nan."

"Na fara zuwa gero yana gwiwa. Yanzu yana rumbu."

Ta so ta yi dariya, sai ta tuna abin da ya kawo ta, ta sunkuyar da kai.

Umaima ke nan, babbar 'yar Malam Uwaisu, mai makarantar Alƙur'ani a unguwar Takur, kuma ita ke koyar da ajin matan aure. Mahaifiyarta, Inna Rakiya, ƙodarta ta gaza. Sau biyu a sati ake kai ta wankin ƙoda, likitoci kuma sun ce sai an fita da ita waje an yi dashe. Tsofaffin ɗaliban Malam sun tsaya an shirya komai, asibitin can ya ba da rana, biza ta maƙale. Malam bai taɓa taka ƙofar ɗan siyasa ba, bai kuma yi niyyar farawa da tsufansa ba. Shi ya sa Umaima ta ɗauko fayil ta hau adaidaita.

Na karɓa, na juya gaba da baya, na faɗa mata abin da na saba faɗa.

Da ta fito, Fa'izu ya ce, "Litinin ya ce miki, ko?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Ni ma tawa ce. Sai mu raba."

Ya kamata in yi bayanin yadda muke aiki, don a nan gizo ke saƙar. Honarabul ba ya zuwa ofis. In ya sauka daga Abuja, wuri biyu kawai ake kama shi: wajen ɗaurin aure da wajen ta'aziyya. Saboda haka ina da wata baƙar jaka da nake zuba wasiƙun mutane. Duk inda aka ce zai je, ina can tun kafin ya iso. Ana shafa fatiha sai in durƙusa gefensa, ya ɗora takardun a gwiwa ya rattaba hannu a kan waɗanda suka yi sa'a kafin direba ya buɗe ƙofa. Wanda ke zaɓen abin da zai hau sama a jakar kuwa shi ne Abdulrauf, mai taimaka wa Honarabul na musamman, matashi mai ƙamshin turare da waya biyu.

Litinin ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Fa'izu ya fara zuwa da dabino a leda, wani lokaci da kantun riɗi da mahaifiyarsa ta yi, ya ce a kai wa mara lafiya. Ita kuma ta sa masa suna Matafiyi.

"Matafiyi, yau ma ba a tashi ba?"

"Jirgin yana jiran Baba Falalu, Malamata."

Ina jin su ta taga. Na yi kamar ina buga wani abu, alhali ko wuta babu.

Daga baya, da Fa'izu ya mayar da ni abokin shawara don ya rasa wanda ya fi ni, shi da kansa ya riƙa nuna min saƙonninsu. Na farko da ya tura mata ya ce:

"Malamata, na isa Buji lafiya. Ya jikin Inna? Yau na lura tun da na fara ganinki ban ƙara jin haushin bencin nan ba. Ina tsoron kada a sa min hannu da wuri."

Ta amsa:

"Inna ta ci dabino biyu, ta sa maka albarka. Ka daina irin wannan maganar, Matafiyi. Ni kuka nake zuwa yi ofishin nan, kai kuma kana sa ni ina mantawa."

Sau biyu wasiƙar Inna Rakiya ta kusa samun sa hannu. Na farko Honarabul ya fasa zuwa. Na biyu a wani ɗaurin aure ne a Kiyawa. Abdulrauf ya sa ta a sama, don shi ma ya ƙyalla ido ya ga Umaima. Ni kuwa aka ajiye min waina da miyar taushe a wani zaure, na ce bari in ɗan taɓa kafin a fito daga masallaci. Da na fito ina lasar yatsa, bayan motoci kawai na hango. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Abdulrauf bai tsaya zaman benci ba. Da motar ofis ya je Takur ya gaida Malam, ya ce maganar biza a bar ta a hannunsa, kamar an gama. Fa'izu kuwa da ya nemi iso kan maganar aure, a ƙafa ya ƙarasa daga bakin titi bayan sallar la'asar. Ya durƙusa a zaure, Malam ya saurare shi har ya gama.

Malam ya ce, "Na tambaya a kanka, ban ji sharri ba. Amma yaushe za ka tafi?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"In ka tafi, da ita za ka tafi?"

"Sai na je na zauna, sannan in nema mata tata."

"Wato ita ma ta ɗauki fayil." Malam ya ja carbinsa. "Yaro, ka leƙa cikin gidan nan ka ga abin da jira ya mayar da mu. Kullum kunnenmu a kan waya. Ba zan ɗauki 'yata in aurar da ita ga wani jiran ba. Ba ƙinka nake yi ba."

Kafin ya fita, Inna Rakiya ta sa aka shigo da shi ya gaishe ta. Tana kwance a bayan labule, murya ƙasa ƙasa.

"Kai ne Matafiyin?"

"Ni ne, Inna."

"To in ka riga ni zuwa, ka tambayo min su, me na yi musu? Ni ba zama zan yi a ƙasarsu ba. Ina da awaki."

Fa'izu ya ce min da ya fito sai da ya tsaya bayan wata katanga ya share fuska.

A ranar ta turo masa:

"Na ji abin da Baba ya ce. Ba zan saɓa masa ba, ba kuma zan ce ka bar karatunka saboda ni ba. Ka ga ke nan ni ma na koyi aikin ofis: ban ce eh ba, ban ce a'a ba."

Ya amsa:

"To ni zan dawo ranar Litinin, Malamata. Da wadda ke bayanta."

Inna Rakiya ta rasu wata Alhamis da hantsi, a hanyar dawowa daga wankin ƙoda, kanta a cinyar Umaima cikin adaidaita.

Fa'izu ya baro Buji a ranar. Kwana uku shi ne shimfiɗa tabarmi, shi ne jera buta, shi ne nuna wa baƙi inda za su zauna a ƙofar gidan Malam. Ba wanda ya sa shi.

Ranar addu'ar uku aka ce Honarabul zai zo, don Malam mutum ne mai jama'a. Ni kuwa hannuna ya riga kaina tunani: na ɗauki baƙar jaka kamar kullum. Ban zazzage ta na duba ba. Abu ɗaya na yi da gangan, na zaro wasiƙar Fa'izu daga ƙasa inda Abdulrauf ya danne ta, na mayar da ita ta biyu. A raina na ce yau dai zan yi wa wani alheri.

Honarabul ya zauna kusa da Malam, aka yi addu'a, aka shafa. Na durƙusa na buɗe jaka. Ya ɗora takardu a gwiwa, ya ɗaga ta farko, ya karanta sama sama yadda na kusa za su ji yana aiki.

"Hajiya Rakiya, ciwon ƙoda. Ai irin wannan ba a jinkirta shi, Falalu." Ya rattaba hannu. "A tura yau. Allah ya ba ta lafiya."

Na ji kamar tabarmar ta buɗe in shige.

Malam Uwaisu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ta riga ta tafi, ranka ya daɗe. Inda ta je ba su nemi takarda ba."

Honarabul ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Don ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya sa hannu a ta biyun ma, ya miƙe, ya yi sallama.

Kafin magariba Abdulrauf ya ɗauki hoton wasiƙar Fa'izu ya tura wa Umaima, da 'yan kalmomi a ƙasa: "Allah ya jiƙan Inna. Wasu dai zaman makokin ya yi musu rana."

Duk wanda ya san garin nan ya san mutane na zuwa ta'aziyyar wanda ba su sani ba don su kama ɗan siyasa. Umaima ma ta sani. Ta rubuta wa Fa'izu:

"Na ɗauka don Inna kake shimfiɗa tabarmi. Ashe layi kake bi. Barka, an sa maka hannu. Allah ya kai ka lafiya. Kada ka amsa."

Ya amsa duk da haka:

"Wallahi Umaima ban san da ita ba. Ban ma san Baba Falalu ya zo da jaka ba."

Saƙon bai shiga ba. Ta rufe layinsa.

Ranar Litinin ya shigo ofis ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na miƙa masa wasiƙar ina murmushin wanda ke jiran godiya. Bai karɓa ba.

"Baba, wa ya ce ka sa ta?"

"Alheri na nufa."

"A kan tabarmar Inna?" Ya zauna ya dafe kai. Can ya ce, "Buga min wata. Zuwa ga ofishin jakadancin. Ka ce na janye, su maido min fasfo ɗina."

"Fa'izu, shekara nawa kana neman wannan? Mahaifinka ya gama faɗa wa duk Buji."

"Na gaya masa jiya. Ya ce gonar ba ta taɓa neman in yi mata biza ba. Makarantar ta ɗaga min lokaci sau biyu, wannan ne na ƙarshe. Ko bizar ta fito yanzu, Baba, duk lokacin da na buɗe fasfon nan Inna zan gani a bayan labule. Buga kawai."

Na buga. Ita ce wasiƙa ta farko a ofishin nan da ta tafi a ranar da aka rubuta ta, don ba ta bukatar sa hannun kowa sai nasa.

Abin da ya rage nawa ne, kuma na ja shi har sati biyar. Kullum in ce gobe. Ina ganin motar Abdulrauf tana nufar Takur, ina kau da kai. Sai da aka yi sadakar arba'in sannan na ɗaure na tafi, ba jaka, sai kwafin wasiƙar janyewar a aljihu.

Na sami Malam a zaure bayan la'asar. Na faɗa masa komai: cewa ni na sa takardar, yaron bai sani ba, ya ƙi karɓa, ya kuma janye. Wainar Kiyawa ce kawai ta ƙi fitowa daga bakina.

Malam ya karanta kwafin a hankali, ya ce, "Malam Falalu, ka yi nauyin baki."

"Halina ne, Allah gafarta Malam."

"To a rage." Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Umaima, na san kina nan. Kin ji?"

Daga bayan ƙofa aka ce, "Na ji, Baba."

"Wancan mai motar ya turo miki hoto kina cikin hawaye. Wannan ya ajiye abin da ya fi so bai turo miki komai ba. Ni na gama nawa nazarin. Saura naki."

Washegari Fa'izu ya zo. Suka zauna a soro, tabarma biyu, ƙofa a buɗe. Umaima ce ta fara magana.

"Me ya sa ba ka aiko an gaya min ka janye ba?"

"Kada ki ɗauka ciniki nake yi da ke."

"Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, a ranar da ka fi kowa wahala a ƙofar gidanmu."

"Ranar ba ki da uwa, Malamata. Ko dukana kika yi ba zan riƙe ba."

Ta share ido da gefen hijabi. "Ka san Inna kullum sai ta tambaya ko Matafiyi ya tashi? In na ce a'a, sai ta ce madalla, wai ita ba ta gama ganinka ba."

Ya sunkuyar da kai.

Can ta ce, "Karatun fa? Ba na so wata rana ka dube ni ka tuna abin da ka rasa."

"Ƙasar da na karanta tana nan Buji, ba inda ta je. Zan nemi koyarwa a nan. In na dube ki, benci zan tuna."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. "To yanzu wane suna zan kira ka? Matafiyin da ya fasa?"

"Kira ni mazauni."

"Bai yi daɗi ba."

"Za ki saba."

Magabatansa suka zo daga Buji cikin motar haya, da buhun riɗi da na gero a bayan motar. Mahaifinsa, Malam Jaji, ya riƙe hannun Malam Uwaisu ya ce shi bai iya dogon zance ba, ɗa dai ga shi nan, ba inda za shi. Malam ya ce wannan kalmar kawai yake son ji.

An ɗaura auren wata Asabar da safe a ƙofar makarantar, a daidai inda aka yi zaman makoki. Ba kiɗa, ba taron biki, don gidan bai gama hucewa ba. Ɗaliban Malam suka yi saukar Alƙur'ani, aka raba dabino da goro. Honarabul ya zo, kamar yadda kowa ya zata. Na bar jakar a ofis, ya yi ta waigen gwiwarsa kamar ya manta wani abu.

Da Malam ya zo addu'a sai muryarsa ta karye a kan sunan Inna Rakiya. Ya dakata, ya ci gaba: Allah ya zaunar da su, ya haɗa kansu, ya sa kada ɗayansu ya kwana yana jiran ɗaya. Muka ce amin har cikin ranmu. Ni ma da ba a san ni da kuka ba sai da na cire tabarau na goge.

Da yamma aka kai amarya wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan Takur. Matan ajinta ne suka raka ta, kowacce na ƙoƙarin tsaya mata a matsayin uwa. Kafin a fito da ita ta tura masa:

"Mazaunina, ga ni nan zuwa. Ban ɗauko fayil ba."

Ya amsa:

"Ƙofa a buɗe take, Malamata. Babu layi."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan Inna Rakiya, ya yafe wa masu nauyin baki.

Ranar Talata, kwana uku da ɗaurin auren, mai kawo saƙo ya ajiye ambulan a ofishinmu, don adireshinmu Fa'izu ya bayar a wasiƙar janyewar. Fasfo ɗinsa ne ya dawo. A shafi na bakwai akwai biza, ta mutum ɗaya.